Dara a Kan Teburin Falo

Dara wasan ƙasa ce. A tona gurabe 30 cikin rairayi, layi 5 gida shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Jera huɗu kuwa ba ya ci. Idan an tashi, iska ta share wurin, gobe a sake tonawa.

Yanzu ƙofar gida ta zama siminti, tsakar gida tayil. Ina za a tona? Shi ya sa nake yawan tunanin kafintocinmu, masu ƙera teburan falo da gilashi a sama. Da za su fafe gurabe 30 a fuskar tebur na katakon maɗaci, su yi masa murfi da ɗan aljihu na ajiye 'ya'yan, da baƙo zai sha shayinsa a kai, a ɗaga murfi a fara wasa. Ai ba sabon abu ba ne: Yarabawa sun daɗe suna sassaƙa allon wasansu na ayo, Asante na Gana ma suna yin na wasansu oware, wani har da ƙafafu.

Sai dai ina da ɗan ɗari-ɗari. Daɗin dara rabinsa na 'yan kallo ne, masu tsugunawa a gefe suna tsoma baki ba a tambaye su ba. Falo kuwa sai da sallama ake shiga. Ni da a ce zan ba kafinta aikin, benci zan ce ya yi, mai gurabe a tsakiya, wanda yara biyu za su iya ɗauka su fitar zaure bayan la'asar.