Zuwa Da Kai Ya Fi Aike

Yau kaina zan tona wa asiri a wannan allo, ko wani ya amfana.

A hutun ƙarshen zango da ya wuce, yayana da ke karatun ilimin duwatsu a jami'a ya nuna mini wani wasa a wayarsa mai suna Geocaching. Wani ne zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya sanya lambobin wurin a manhaja, kai kuma ka bi GPS har ka gano shi, ka sa hannu a 'yar takardar da ke ciki. An fara wasan a watan Mayun 2000 a jihar Oregon ta Amurka, kuma yanzu miliyoyin mutane ke yin sa a duniya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani reshe na wasan da ake kira EarthCache, wanda Ƙungiyar Masana Ilimin Duwatsu ta Amurka ta taimaka aka kafa, aka kuma buɗe na farkonsa a Ostireliya a 2004. Shi wannan babu akwati a cikinsa. Wurin da kansa shi ne taskar: dutse, ko kogo, ko kwazazzabo, ko maɓuɓɓugar ruwa. Wanda ya kafa darasin zai yi bayanin yadda wurin ya samu, ya ba da tambayoyi. Kai kuma ka je, ka duba, ka auna, ka aika masa amsa, sannan ka rubuta cewa ka samu.

Ni kuwa sai gaggawa ta kwashe ni. Na buɗe asusu, na ga ma'aunina yana nuna sifili, alhali wasu suna da ɗaruruwa. Na zaɓi wani darasi a Giant's Causeway, a gaɓar tekun Ayalan ta Arewa, inda ginshiƙan baƙin dutse kusan 40,000 suke jere kamar an dasa su. Na karanta cewa narkakken dutse ne ya malalo fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, da ya huce sai ya tsuke ya tsattsage, kamar yadda laka ke yi idan tafki ya ƙafe da rani. Na ce ai shi ke nan, na san komai. Ina kwance a kan tabarma a tsakar gidanmu a Zariya na haɗa amsoshi daga intanet, na aika, na rubuta cewa na samu.

Tambaya guda ce ta kayar da ni. An ce ka tsaya a daidai wurin da lambobin suka nuna, ka ƙirga kusurwoyin ginshiƙan da ke kusa da ƙafarka, ka kuma faɗi yadda ka ji dutsen a tafin hannunka. Na rubuta cewa duk shida-shida ne, domin haka na gani a hoto.

Bayan kwana biyu sai ga saƙo daga mai darasin. Bai zage ni ba. Ya ce bayanina ya yi kyau, amma wanda ya tsaya a wurin zai ga ba duka ke da kusurwa shida ba. Ya tambaye ni a hankali ko da gaske na je. Na daɗe ina kallon wayar kafin na amsa masa cewa ban je ba. Ya yi mini godiya, ya cire rahotona, ya ce ranar da na zo da ƙafata yana maraba da ni.

Da na ba yayana labari, sai da ya yi dariya ya ƙoshi, sannan ya ce, "Ƙanena, ai ba lamba ake tarawa ba, ido ake wasawa." Ya zaunar da ni ya bi da ni ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce wadda na karya: sai ka je da kanka. Ta biyu, amsoshi ta saƙon sirri ake aika wa mai darasin, ba a rubuta su a rahoton da kowa zai karanta, domin hakan ɓata wa na baya darasi ne. Ta uku, ka aika amsa kafin ka rubuta cewa ka samu, amma ba dole ne ka jira ya ba ka izini ba. Idan akwai gyara zai neme ka. Wanda ya ƙi aikawa sam, mai darasin na da ikon share rahotonsa. Ta huɗu, tun 2019 an yarda mai darasi ya nemi hoton shaida, sai dai ba a tilasta wa kowa nuna fuskarsa. Kana iya ɗaukar hularka ko takarda mai sunanka na wasa a wurin. Ka kuma kula kada amsar ta fito a cikin hoton.

Sauran kuma ladabi ne. Ba a fasa dutse a ɗebi guntu a tafi da shi. Ba a rubuta suna da fenti ko gawayi. Ba a tsallaka shinge ko tattake shuka. Kuma idan za ka rubuta rahoto, kada ka jefa kalma biyu ka wuce. Mutum ya ɓata lokacinsa kyauta ya shirya maka darasi, ka faɗa masa abin da ka gani da abin da ya ba ka mamaki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da yayana ya ce yawancin masu kafa darussan nan ba sa korar wanda ya je ya yi kuskure. In ka auna ka karkace, gyara maka za su yi. Amsar da ta yi tsaf amma ba ƙurar wurin a jikinta, ita ce ake zargi. Nan take na tuna da littafinmu na aikin gwaji a ɗakin kimiyya. Sau nawa muke kwafe sakamako daga na gaba da mu, ba tare da mun taɓa ma'aunin ba?

Ranar Asabar ya ɗauke ni a babur muka je gindin Dutsen Kufena. Tun ina yaro nake hango shi, amma ranar na fara dafa shi da niyyar gani. Yana da kaushi, kuma ƙwayoyinsa manya ne, wasu masu haske, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Yayana ya ce giranit ne, a can ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, shi ya sa ƙwayoyin suka samu lokacin girma, saɓanin na Ayalan da ya huce a sarari. Ya nuna mini inda bayan dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa. Na cika shafi uku da rubutu, kuma duk abin da ke ciki ni na gani.

Har yau ma'aunina sifili yake nunawa, kuma ba ya damuna. Littafin yana cikin jakata. Duk mai son dubawa ya same ni a taron ƙungiya, amma ba zan ba shi ya kwafa ba. Sai dai mu roƙi malaminmu na labarin ƙasa ya kai mu gaba ɗaya.