Numfashin Aro

Ranar da aka shiga da ƙanwata ɗakin tiyata domin a toshe wata huda da aka haife ta da ita a zuciya, ranar na fara ƙidaya numfashina. Kafin nan ban taɓa tambayar yadda jiki yake auna wa kansa iskar da yake bukata ba, mutum na barci ko yana farke.

A jajibirin aikin, ma'aikacin da zai kula da na'urar da ke tsayawa a madadin zuciya da huhu ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce za a tsayar da zuciyarta cak, a karkatar da jininta ta bututu zuwa na'urar, a sa masa iskar oksijin, a cire masa kabon dayoksaid, sannan a mayar da shi jiki. Wahalar aikin kuwa tana wajen awo. Ma'aunin kabon dayoksaid a jinin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 35 da 45. Idan ya yi ƙasa ainun, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, har ta yiwu a gyara zuciya a taɓa ƙwaƙwalwa.

A da, in ji shi, sai an ɗebi jini jefi-jefi an kai awo, kafin sakamako ya dawo kuma al'amari ya riga ya sauya. Yanzu akwai ma'auni manne da bututun, yana karanta jinin babu ƙaƙƙautawa. A wasu na'urorin ma kwamfuta ce ke ƙara iskar ko ta rage da kanta. Na ce, "To Malam, kai mene ne aikinka?" Ya yi murmushi ya ce ma'auni ma yakan yi kuskure, don haka ba zai ɗauke ido daga kansa ba sai zuciyar ta karɓi aikinta.

Washegari, a kan bencin jira, na yi ta tuna abin da na karanta: a 1953 likita John Gibbon ya fara cin nasara da irin wannan na'ura a Filadelfiya ta Amurka, inda ta riƙe ran wata budurwa mai shekara 18 tsawon minti 26. A 1974 kuma aka fara irin wannan tiyata a Nijeriya, a Inugu. Sanin tarihin bai hana gabana faɗuwa ba duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

Hausawa kan ce zanen aro ba ya rufe katara, amma ni ganau ne cewa numfashin aro ya riƙe rai. Da ta farfaɗo aka cire mata bututun maƙogwaro, sai ta dube ni, murya a dishe, ta ce, "Yaya, ƙishirwa nake ji." Ta gane ni ke nan. A nan na daina ƙidaya.