Filin Jirgin Kano Bayan Faɗuwar Giwa

A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Tun daga nan birnin ya zama zango ga jiragen da ke ƙetare Sahara, kamar yadda ya kasance ga ayarin raƙuma. A makon jiya na yi sa'o'i uku a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano ina jiran jirgin Legas, ina ƙare wa jiragen da ke ajiye kallo. Babu ko ɗaya mai ɗauke da tambarin da muka tashi muka sani, wato giwa mai fukafukai ta kamfanin Nigeria Airways.

An kafa kamfanin a 1958, gwamnati ta mallake shi baki ɗaya a 1961. A farkon shekarun 1980 yana da jirage kimanin 30. Daga wannan fili mutum kan tashi zuwa Landan ko Jidda, ko ya nufi Sakkwato ko Maiduguri. Nan ne kuma dangi ke cika maƙil don rakiyar maniyyata. Filin ya ga baƙin ciki ma: ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da kamfanin ya yi haya ya faɗi a nan cikin hazo, ɗauke da alhazai, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Giwar ba rana ɗaya ta faɗi ba. Bashi da yawan sauya shugabanni da almundahana su suka ci ta a tsaye. An ɗauko KLM na ƙasar Holan a 1979 ya gyara, da ya tafi aka koma 'yar gidan jiya. A 2003 ta daina tashi, kowa ya zo da wuƙarsa. Sai a 2018 aka amince a biya tsofaffin ma'aikata naira biliyan 22.6 daga haƙƙinsu, bayan da dama sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne matuƙa da injiniyoyin da ƙasa ta horar, suka watse. Jirgi dai ana sayensa da kuɗi, ƙwarewa kuwa sai an shekara ana gina ta. Habasha ta riƙe nata kamfanin tun 1945, yau jirginta ke zuwa Kano ya kwashe 'yan kasuwarmu. Kafin a sake yi mana alkawarin sabon kamfani, ya kamata a fara gaya mana wa ya ci na farko.