Baƙuwar Kaza a Ƙauyukan Jazira

Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, sai Hausawa da yawa, cikinsu har da maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa, suka zauna aikin gona. Wasu suka samu hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke rabawa, wasu suka tare a ƙauyukan 'yan ƙwadago da ake kira kambo. A duk gidajen nan kaza ta kasance dukiyar mace.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya iso Wad Madani a Disamba na shekarar, kuma sai a Janairun 2025 sojojin gwamnati suka sake karɓar birnin. Da yawa daga waɗanda suka koma ƙauyukansu sun tarar da turke babu akuya, akurki babu kaza. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya farawa da saniya. Abin da hannunsa zai kai gare shi shi ne kajin gida, waɗanda Larabcin wurin ke kira jidad baladi, masu kiwon kansu a tsakar gida da bakin gona.

Wata dattijuwa a wani kambo da ke kudu da Wad Madani ta sayi kaji huɗu da zakara ɗaya da kuɗin da ɗanta ya aiko mata. Ba ta da wani jari bayan wannan, saboda haka kafin ta biya sai da ta ɗauki kowace kaza ta duba. Ido take fara kallo, ya kasance a buɗe tar, babu ruwa babu kumburi. Sai hanci da baki, ta kara kunne ko za ta ji gurnanin majina a numfashi. Zanko ya zama ja. In ya yi fari, jini ya yi ƙaranci, in kuwa akwai ƙuraje masu ɓawo a kansa, to cutar da sauro ke yaɗawa ce, kuma sauro ba ya yankewa a ƙasar da magudanan ruwa suka ratsa ko'ina. Daga nan ta shafa ƙashin ƙirji. In ya fito kamar bakin wuƙa, kazar ta rame, galibi saboda tsutsar ciki ko yunwa. Ta ɗaga fiffike ta hura gashin, ta duba gindin wutsiya, domin nan ƙwarƙwata da ƙuma ke taruwa.

Da ta iso gida ba ta sake su ba. Ta ɗaure kowace da tsumma mai laushi a ƙafa, a inuwar darbejiya, nesa da kajin maƙwabta. Ɗaurin ƙafa tsohuwar al'ada ce ta sabar wa baƙuwar kaza da gida don kada ta ɓace, amma yana da wani amfanin da ya fi wannan. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926, takan ɓuya a jikin kaza daga kwana biyu har zuwa sha biyar kafin ta bayyana. Kazar da ta fito kasuwa garau tana iya ɗauke da ita, in aka sake ta cikin 'yan'uwanta sai ta shafe kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa dattijuwar ta ware nata har mako uku. Jikarta ta gaji da kai musu ruwa, ta ce, "Habboba, ai lafiyarsu lau, ki sake su mana." Ta amsa mata da cewa, "Ke dai kai ruwan, 'yar nan. Rigakafi ya fi magani."

Kowace safiya kashinsu take fara dubawa. Kashi mai ɗan tauri da fari a kansa alamar lafiya ce. Kore mai ruwa-ruwa, tare da saukar fiffike ko murɗewar wuya, shi ne abin tsoro, domin haka Niyukasil ke nuna kanta. Jini a kashi kuwa yana nuna ciwon hanji, wanda ya fi kama 'yan tsaki inda ƙasa ke da danshi. Tana kuma taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuya: da yamma ta cika, da safe ta sauka. In ta kwana a cike, abinci bai wuce ba. Da dare takan haska fitila a tsagogin bangon akurki, saboda akwai kaskar da ke ɓuya a nan da rana, ta fito da dare ta sha jini.

Abincinsu tsakin dawa ne da dusa da ragowar tuwo, sai gara in an samu. Ruwa ya fi komai muhimmanci a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Jazira kan haura digiri 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi don ta huce, don haka kaskon ruwa ba ya barin inuwa, kuma kullum sai an wanke shi. A gefe guda ta zuba toka da yashi domin birgima, wadda ita ce wankan kaza da maganin ƙwarin jikinta.

Niyukasil ba ta da magani in ta kama, kuma kafso ɗin da ake fasawa a ruwa ba ya kashe ta. Abin da ke tsare kaji shi ne rigakafin da ake ɗigawa a ido, a maimaita bayan kowane wata huɗu, kuma ya fi amfani in unguwa ta haɗu ta yi a rana ɗaya. Wadda ta mutu binne ta ake yi da zurfi. Jefa ta a magudanar ruwa aika cuta ne ga ƙauyen da ke gaba.

Da mako uku suka cika, dattijuwar ta kwance su da la'asar, don kada su yi nisa kafin magariba ta kora su akurki. Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa sha biyar sannan ta kwanta, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21. Ƙwan farko na gidan ba a soya ko ɗaya ba, duk da kwaɗayin yara. Duka aka bar wa uwar, aka kuma tanadi kwando da za a kife 'yan tsakin da shi saboda shirwa.