Na Kai Maganarsa Inda Bai Aike Ni Ba

Mu manya bakinmu bai da wuyar ce wa yaro, "Me ya hana ka gaya wa abokinka?" Ni ma haka nake faɗa, har na jawo wa ɗan yayata abin da ya daɗe yana gudu.

Shekararsa 13 a lokacin, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, gidansu na Muciya a Sabon Gari. Ƙarshen mako yakan zo wurina a Samaru. Wata rana muna dawowa daga kasuwa ya ce, "Kawu, ni fa ba na ganin rubutun allo sosai." Ashe ya daɗe yana rubuta abin da kunnensa ya kama kawai, sauran ya bar fili. Na tambaye shi ko abokin da suke zama benci ɗaya ya sani. Ya ce, "Don Allah Kawu, a bar maganar."

Ban bar ta ba. Na ce zan kai shi asibitin koyarwa na Shika a duba idon, amma kafin nan na samu abokin nasa, na roƙe shi ya riƙa ara masa littafi yana kwafa. Yaron kirki ne, ya kuwa ara masa. Sai dai ya gaya wa wani, wancan ma ya gaya wa wani. Kafin a ce me, ajin duk "Sarkin Makafi" suke kiransa. Yana shigowa wani zai miƙo masa sanda.

Abin da ban hango ba, shi ya riga ya hango. Babba in an ci masa fuska a majalisa, sai ya sauya wata. Yaro ba shi da wannan damar. Waɗanda ya bari a aji su zai tarar a Islamiyya da la'asar, su ne a filin ƙwallo, su ne a layin famfo. Wanda zai taimake shi yana cikin masu yi masa dariya, kuma shi ma yaro ne, bai gama sanin nauyin amana ba. Sunan tsokana kuwa ba ya tsufa. Akwai magidanta a Hayin Dogo da ba kowa ya san sunansu na yanka ba.

Kuma mu muka karantar da yara su riƙa ɓoyewa. Namiji ba ya raki. Kada a ji maganar gida a waje. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaro ya haddace wannan tun yana ƙarami, sannan mu dawo muna mamakin zurfin cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa sukan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Wannan yana tayar mini da hankali: in ciwon ido ma ana ɓoye shi haka, ina ga damuwar da ba ta da sunan da yaro zai iya faɗa?

Da na tsaya na tambaye shi wa yake so ya sani, da wataƙila malamin aji zai zaɓa, a mayar da shi bencin gaba ba tare da kowa ya ji dalili ba.

An yi masa tabarau, ya daɗe yana ajiye shi a jaka in ya isa ƙofar makaranta. Na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai, Kawu." Amma da wasu manyan ɗalibai suka fara ƙwace masa kuɗin mota, a bakin mahaifiyarsa na ji, bayan abin ya wuce.