Cikon kuɗin mai hoto

Ku yi min afuwa, rubutun nan zai yi tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Ɗazu bayan sallar isha'i yayar wata amarya da na yi wa aiki tun kafin azumi ta kira ni. Ba gaisuwa, ba ya aiki. Wai in sake turo musu hotunan kamu, wayar amarya ta faɗa ruwa. Na ce to Hajiya, ba damuwa, amma fa har yanzu cikon kuɗina yana wajenku. Sai ta kwashe da dariya, ta ce, "Haba Malam mai hoto, ka cika son kuɗi. Hoto ne fa kawai, kuma yana nan cikin kwamfutarka, me za ka rasa?" Na ce Allah ya ba ki haƙuri, na ajiye waya. Maganar ba sabuwa ba ce a kunnena, amma dariyar ta tsaya min a rai, shi ya sa nake zaune ina danna wannan rubutu maimakon in kwanta.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san ba na kawo cinikina shafin nan. Hoto nake sawa, sai ɗan barkwanci, sai ranar da gilashin kyamarata ya faɗi na zo na yi muku kuka kuka yi ta min jaje. Amma batun ciko ya ishe ni. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne, don duk inda masu hoto biyu suka haɗu a wajen wankin hoto, kafin su rabu sai ɗaya ya ambaci gidan da yake bi bashi.

Ku duba yadda ake tsara biki a garin nan. Ɗakin taro, sai an biya kaf kafin a ba da rana. Mai kwalliya ba za ta buɗe akwatinta ba sai ta ji alat. Mai abinci, mai ado, mai kiɗa, mai gabatarwa, kowa ya karɓi nasa tun kafin amarya ta sa lalle. Anko kuwa ba a maganarsa. Mai hoto kaɗai ake ba wa kafin alƙalami a ce masa saura bayan biki. Kuma kowa ya san halin bayan biki: aljihu ya bushe, dangi sun watse, ango ya shiga lissafin cefane. A daren dina ina tsaye ina kallon kuɗin da ake liƙi da su, sabbi fil, ana tattaka su da takalmi, yara na bi da leda suna tsincewa. Abin da aka watsar a waƙa ɗaya ya ninka cikon da zan yi wata da watanni ina bi. Ni ne ma nake ɗaukar hoton liƙin, ni nake gyara shi ya fito ras, kuɗin na tashi a sama kowa na murmushi. Abinci an cinye, ado an kwance shi da asuba, kwalliya an wanke. Abin da ya rage na bikin gaba ɗaya shi ne wanda ba a gama biya ba.

Mutane sun ɗauka aikin yana ƙarewa da zarar filasha ta haska. Wallahi a lokacin ake farawa. Biki mai kamu da yini da ɗaurin aure da dina, hotunansa sukan haura dubu, kuma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan amarya ta yi kyau amma ango ya rufe ido. Wancan kowa ya daidaita amma wata gwaggo ta ɗaga wayarta da tocila a kunne daidai gaban fuskar amarya. Ɗakunan taron yanzu kuma an cika su da fitilu shuɗi da kore da ruwan hoda, su faɗa kan fatar mutum su mai da shi wata halitta daban, sai ka zauna a manhajar gyaran hoto ta Lightroom kana dawo wa kowa da launin da Allah ya yi shi da shi. Sannan babbar matsalar da duk mai hoton biki ya sani amma ba ya faɗa: hoda. Fuska ta yi fari tas, wuya da hannu suna nan yadda suke. A ido ba a cika lura ba, amma filasha ba ta rufa wa kowa asiri. Sai ka daidaita fuska da wuya, ka bar lallen hannu ya fito da jansa da baƙinsa, ka bar gwal ya yi ƙyalli ba tare da ya ƙone ba. Hoto ɗaya na amarya yana iya cin rabin awa. Bayan ka gama a dawo maka da shi: a rage min tumbi, a ƙara min haske, a cire waccan matar ta gefe don mun ɓata. Duk wannan a kan kwamfutar da ke jiran wuta, in babu wuta a tada janareta, kuma kun san litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

Wa ya taɓa karɓar ɗinki wajen tela ya ce masa ai allura kawai ya soka?

Wai yana cikin kwamfuta, me zan rasa. Hoton da ƙwararriyar kyamara ke ɗauka a tsarin RAW, kowane ɗaya yakan kai megabait 25 zuwa 30. Ku lissafa dubu. Faifan ajiyar da ke riƙe da su ba sadaka aka ba ni ba, kuma ba ɗaya ake ajiyewa ba, biyu ne, don ranar da ɗaya ya mutu ba za ka iya cewa a sake ɗaura auren ba. Ita kanta kyamarar tana da ajali. Canon 5D Mark III da yawancinmu muke fama da ita, wadda ta fito tun 2012, kamfanin ya ƙiyasta labulen cikinta zai buɗe ya rufe sau 150,000. Mu kuma na hannu muke saye, wani ya riga ya ci rabin kwananta a Turai. Duk dannawa ɗaya ragi ne. In ta tsaya, wani gyaran sai an aika Legas. Ga batir, ga memori, ga ƙurar hunturu da ke shiga ciki ta bar ɗigo a kowane hoto. Kayan nan babu wanda ake ƙerawa a nan, da dala ake sayo su, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta kai 1,500 a farkon 2024. Kuɗin aikinmu bai ninka uku ba. In ka ƙara ko kaɗan sai a ce ai wane yana yi a rabin haka.

Na san abin da za a rubuto a ƙasa, bari in riga ku. Wani zai ce ai yanzu waya ma tana ɗaukan hoto mai kyau. Gaskiya ne, kuma ni ma ina ɗauka da ita. Wanda waya ta wadatar da shi ya yi bikinsa da waya, Allah ya sa albarka, babu abin da ya haɗa mu. Rigimata da wanda ya kira ni ne, muka yi ciniki, na tsaya masa tun la'asar har tsakar dare, na yi magariba da isha'i a wajen ajiye motoci da jakar kyamara a gabana don kar a ɗauke, sannan sai lokacin biya ya tuna cewa wayarsa ma tana ɗauka. Wani kuma zai zo da batun hukuncin hoto. Malamai sun yi magana, sun saɓa, ni ba malami ba ne, ba zan shiga ba. Amma na taɓa bin wani ango ciko ya ce min shi fa dama zuciyarsa ba ta kwanta da hoto ba. Albam ɗin yana ɗakinsa a lokacin, firem yana rataye a falo. Tsoron Allah da ba ya zuwa sai ranar biyan bashi, a sake duba shi. Malaman nan dai su ne suka sha karanta mana hadisin biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba, kuma su ne suke gaya mana bashi yana bin mutum har kabari. Ba a ware na mai hoto ba.

A wajen ƙwallo abin ya fi ban takaici, don a can ba a ma yin cinikin, balle a kai ga ciko. Ku da kuka ga hotunan da nake sawa daga filin wasa na Sani Abacha in Pillars na wasa kun san son abin nake. Amma ku san me ake sha. Ana take wasa da ƙarfe huɗu, kafin a yi nisa da dawowa daga hutun rabin lokaci rana ta yi sanyi, in lokacin hazo ne ma sai a hankali. Kafin ka tsayar da ɗan wasa a sama yana sa kai, ƙwallo ta fito sarai ba ta yi dishi-dishi ba, sai kyamara ta ɗauka a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma hakan yana son gilashi mai zuƙowa irin 70-200, wanda sau tari ya fi ita kanta kyamarar tsada. A gasar unguwa kuwa, kana durƙushe bayan raga, in alƙalin wasa ya busa abin da bai yi wa 'yan kallo daɗi ba, ledar ruwa da dutse ta kanka suke bi. Da daddare saƙo zai fara shigowa: Oga, a turo min nawa, zan aika wa wani eja. Yaran nan ba na jin zafinsu, da yawa takalmin ma aro suka yi, kuma in hotona zai sa wani ya samu kulob, na ba shi har ga Allah. Wanda nake jin zafi shi ne mai shirya gasar, da ya kashe kuɗi ya buga allo mai hotonsa, ya ɗauko makaɗa, sannan ya dafa kafaɗata ya ce za su tallata ni. Haka a saukar karatu, haka a taron tsofaffin ɗalibai, haka a naɗin sarauta. Kowa zai tallata ni. Mai gidan da nake haya bai taɓa karɓar talla ba.

Kuma tallar ma ƙarya ce. A Hawan Daushe na taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu, ƙura ta turnuƙe, 'yan bindiga na ta sakin wuta, dawaki sun taho a guje za su yi jahi, na samu wani mahayi daidai lokacin da ya ja linzami dokin ya tashi da ƙafafun gaba, alkyabba ta buɗe a bayansa. Wasunku sun tuna hoton. Da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, na ga hoton nan a shafuka barkatai ana ta murna da shi, an yanke ƙasan inda sunana yake. Wani ma ya manna nasa tambarin. Ban nemi kuɗi ba, sunan kawai.

Wanda bai sani ba ya sani, akwai doka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba hoto kariya ta shekara 50, kuma asalin haƙƙin na wanda ya ɗauka ne sai in an yi yarjejeniyar akasin haka. Ban ce zan kai kowa kotu ba, kuɗin lauya ya fi cikon. Amma dokar nan ta yi mana namu kashedin, kuma dole in faɗa, don na san wata za ta rubuto cewa ku ma masu hoto ba ku da amana. Wanda ya sa aka ɗauke shi hoton harkar gidansa yana da ikon hana a yaɗa shi. To abokan sana'a masu watsa hoton matan mutane a Instagram ba izini, da masu karɓar kuɗi su yi wata shida ba albam, da masu kashe waya ranar ɗaurin aure don sun haɗa biki biyu, ku ne kuke ba masu cin bashinmu abin faɗa. Ni a wajen kamu, in uwar amarya ta ce min ɗana, ɓangaren nan ba a ɗauka, sai in ce to Mama, in sauke kyamara. Amarya ta ce kar a sa ta a shafi, ba za ku taɓa ganinta ba, ko da kuwa shi ne hoton da ya fi kowane kyau a shekarar. Laifin wani mai hoto ba ya halatta kuɗin wani.

Ban manta halin da ake ciki ba. Akwai uban da ya kira ni gefe ya ce Malam, ga abin da nake da shi, 'yata ce ta fari, ka taimaka. Na yi masa aikin da zuciya ɗaya, kuma har gobe in muka haɗu sai ya tsaya mun gaisa. Mai faɗin gaskiya tun farko bai taɓa ɓata min rai ba. Wanda ya yi dina a ɗakin taro mai sanyi ya ce babu, shi ne ban gane ba.

Saboda haka daga yau ga yadda zan yi, kar wani ya ce ban faɗa ba. Kashi 70 kafin rana, a rubuce, da yawan hotuna da ranar karɓa. Kafin ciko ya shigo zan tura kaɗan ne masu ɗauke da sunana a tsakiya, ba a gefe inda almakashi ke kaiwa ba. In an biya, ku zo da filas ko memori ku kwashi kayanku, ko in tura ta WhatsApp a matsayin fayil, don in aka tura shi kai tsaye manhajar tana matse shi, ranar da kuka je wanke babba sai ya farfashe ku ce mai hoto ne bai iya ba. Ku ajiye a wuri biyu, waya tana faɗawa ruwa. Ajiyata ta wata shida ce, bayan nan ina buƙatar wurin. 'Yan ƙwallon unguwa, naku yana nan kyauta, amma ku bar sunan. Masu bikin watan gobe da muka riga muka yi magana, tsohon cinikinmu bai canza ba.