Kafin ka tura jikarka, tambayi inda za ta sauka

Yau ba ta akwatin rediyo zan yi muku magana ba, a rubuce zan yi ta, don wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai samu gani ba.

Tambaya ɗaya ce kuke yawan aiko mini, musamman 'yan'uwanmu na Tigidda-n-Tesumt da Ingal masu neman kuɗi a Arlit, Yamai, Aljeriya da Libiya: "Ga wata ƙungiya tana neman taimako, in ba ta ko kar in ba ta?" Ba ni da sunayen da zan jero muku in ce waɗannan na kirki ne, waɗancan macuta. Abin da nake da shi shi ne tambayoyin da ni kaina nake yi kafin in buɗe baki in karanta sanarwar neman taimako. Muryata amana ce. In na faɗa, tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ba da jika guda saboda ta ji daga bakina, to nauyin yana wuyana.

Ku tuna yadda kuɗi ke shigowa Tigidda. Sai an kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiya, a bari laka ta kwanta, a kwashe ruwan zuwa ƙananan ramuka, rana ta shanye shi, sannan a tattara gishirin da makiyaya za su saya wa dabbobinsu. Damina na faɗuwa aikin ya tsaya. Kuɗin da ya fito ta wannan hanya bai kamata a yi cinikin biri a sama da shi ba.

Abu na farko da nake tambaya: wa ya san ku a inda kuka ce kuna aiki? Ba a Facebook ba, a ƙasa. Wanda ya ce ya gina rijiya a karkarar Ingal, ai rijiya ba ta ɓuya. Akwai maigari, akwai liman, akwai ma'aikatar magajin gari, akwai direbobin da ke bin hanyar kowane mako. Kiran waya ɗaya ya isa. Wasu samari sun taɓa zuwa wurina da hotunan yara marasa lafiya, suna so in yi musu shela da gaggawa. Na ce su faɗa mini sunan garin da na likitan da ke duba yaran, in kira, gobe sai mu sa a iska. Sun ce za su dawo da la'asar. Har yau la'asar ɗin ba ta yi ba.

Na biyu, takarda. A Nijar ƙungiya ba ta aiki sai da izinin hukuma, tun dokar ƙungiyoyi ta shekarar 1984. Mai izini ba ya jin haushi in ka ce ya nuna maka. Amma kar hatimi ya rufe maka ido. A watan Oktoba na 2007, a Abeshe ta ƙasar Chadi, an kama Faransawan ƙungiyar Arche de Zoé suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, wai marayun Darfur ne. Da aka bincika, yawancin yaran 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba a raye. Mutanen nan suna da motoci, suna da riguna masu tambari, kuma iyalai a Faransa sun zuba musu kuɗi da zuciya ɗaya. Takarda tana nuna hukuma ta san da kai. Ba ta nuna halinka.

Na uku, lambar da za a tura kuɗin, sunan wa take ɗauke da shi? Yanzu da Nita, Amana ko Airtel Money, minti ɗaya kuɗi sun tashi. In sunan ƙungiya ke kan allo amma kuɗin aljihun mutum ɗaya za su faɗa, sai ka ji dalili. Wa ke riƙe da asusu, wa ke sa hannu kafin a cire, wa ke duba lissafi? In amsar duka ukun sunan mutum guda ce, ko waliyyi ne, an ɗora masa jarrabawar da ta fi ƙarfinsa.

Na huɗu zai ba wasu mamaki. Ni ina tsoron wanda ya rantse mini cewa ko dala ba ta taɓuwa, duk abin da aka bayar yana isa hannun mabukaci. Daga Agadas zuwa Ingal kusan kilomita 160 ne, sannan a bar kwalta a kama hanyar jeji zuwa Tigidda. Mota ba ta shan ruwan rijiya, direba yana da iyali. Ƙungiyar gaskiya za ta ce maka: mun tara kaza, hatsi ya ci kaza, mai da haya sun ci kaza, ga abin da ya rage. Ko kuma ta faɗa maka wanda ya ɗauki nauyin man. Wanda ya ɓoye maka kuɗin mai, me kuma ya ɓoye?

Na biyar, ka tambayi aikin bara, ba na gobe ba. Ranar buɗe famfo kowa yana da hoto. Bayan shekara biyu fa? In ya lalace wa ke gyara, ina ake samun kayan gyaran, an kafa kwamitin gari ko kuwa an ɗauki hoto an tafi? Duk wanda ya yi yawo a karkarar nan ya ga famfo a tsaye, allon mai bayarwa na sheƙi, mata kuwa sun koma tsohuwar rijiya da jakunansu.

Sai gaggawa. A daminar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, har gidajen ƙasa na tsohon garin Agadas suka zube. Buƙata gaskiya ce. Amma a irin wannan lokaci ne saƙonnin murya ke yawo a WhatsApp, ba sunan mai magana, ba sunan unguwa, sai kuka da lambar waya. Mai gaskiya zai iya jiran ka yi kira ɗaya. Wanda ya ce in ba ka tura yanzu-yanzu ba alhaki na kanka, tsoron tambayarka yake ji.

To amma jama'a, kar wannan magana ta zama mafakar marowaci. Akwai mai cewa "duk ɓarayi ne" don kawai hannunsa ya zauna cikin aljihu. Ba haka ba ne. Na ga ƙananan ƙungiyoyin 'yan asalin gari waɗanda ba su da ofis ba su da mota, amma duk wanda ya ba da jika sai an rubuta sunansa, duk buhun da aka saya sai an nuna rasit, a raba a gaban maigari da rana tsaka. Irin waɗannan ina karanta sanarwarsu ba tare da zuciyata ta yi ɗar ba. Ga kuma mabukacin da ba ya buƙatar ƙungiya ko kaɗan: gwauruwar da ke maƙwabtaka da gidanku, ɗan lakwal da ya rasa kuɗin littafi, makiyayin da fari ya share wa garke. Waɗannan ka san ƙofarsu.

Wasu na cewa sadaka niyya ce, in an ci amana tsakaninsu da Allah. Ladanka kam ba ya ɓata, in sha Allahu. Sai dai yaron da aka tara kuɗin da sunansa ya kwana da yunwa, macucin kuma ya samu jarin da zai dawo gobe. Tambaya ba ta rage lada.

Don haka ka bayar, amma ka kira tukuna. Wanda ya san wata ƙungiya da ya ga aikinta da idonsa a yankin Ingal, ya faɗa mana garin da abin da aka yi, mu ma za mu kira mu tabbatar kafin mu yaɗa. Allah ya karɓi abin da muka bayar, ya kai shi hannun mai shi.